Yadda Ake Rubuta Sharaɗin Fifikon Saye a Takardar Cinikin Gida ko Fili a Kano

"In za ka sayar, don Allah ka fara gaya mini." Duk wanda ya sayi rabin fuloti ya bar rabi a hannun mai shi, ko ya daɗe yana hayar shago, ko larura ta sa ya sayar da gidan da aka haife shi a ciki, ya san wannan magana. Ya kuma san amsarta: "Haba, wa zan ba in ba kai ba?" A nan ake tsayawa, a yi musabaha a watse. Ranar da aka sayar wa wani, mai ƙorafi ba shi da abin kai wa gaban alƙali, domin ba a yanke farashi ba, ba a faɗi kwana nawa za a jira shi ba, ba a ma faɗi yadda za a sanar da shi ba. Mai gida zai ce ya kira waya ba a ɗauka ba, kuma wataƙila gaskiyarsa ce.

Sharaɗin fifikon saye shi ne a rubuta cewa duk ranar da mai kadara ya samu tayin da ya yarda zai sallama a kai, dole ya fara kawo wa wane, a kan farashin nan da sharuɗɗan nan. In ya karɓa, tasa ce. In ya ƙi, ko ya yi shiru har wa'adi ya cika, a sayar wa mai tayi. Ka riƙe abu biyu tun yanzu: sharaɗin ba ya tilasta wa mai kadara ya sayar, kuma ba ya ba ka rangwamen ko sisi. Abin da kake samu shi ne kada a tsallake ka.

Abubuwan da za ka tanada

- Kwafin takardar mallakar kadarar: satifiket na gwamnati, ko takardar ba da fili, ko takardun cinikin baya in filin awon igiya ne, ko takardar rabon gado daga kotu.
- Taswirar safiyo mai lambobin duwatsun iyaka. In babu, a auna da tef a gaban maƙwabta a rubuta tsawo da faɗi da ƙafa.
- Katin shaida na kowane ɓangare, da hoton fasfo.
- Shaidu biyu ga kowane ɓangare, waɗanda ba dillalan cinikin ba, kuma ba dukkansu dattawa ba, domin sharaɗin zai iya yin shekara 10 kafin a buƙaci shaidarsu.
- Lauya mai aikin filaye. A dokar Najeriya lauya ne kaɗai ke da izinin rubuta takardar cinikin ƙasa a biya shi, kuma sunansa da hatiminsa suna fitowa a jikinta.
- Kuɗin binciken fayil, da na sitam, da na rajista.

Mataki na 1: Ka tabbata mai alkawarin shi ne mai kadarar

Alkawarin wanda ba shi da iko a kan gida bai ɗaure kowa ba. In akwai satifiket, lauya ya nemi binciken fayil a ma'aikatar filaye ta jiha ko ofishin KANGIS, wato hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, ya duba sunan wa ke kai, ko an jinginar wa banki, ko akwai gargaɗin wani a ciki. In awon igiya ne, a bi takardun ciniki ɗaya bayan ɗaya har zuwa mai gonar asali, a tambayi mai unguwa da maƙwabta na kusurwa huɗu.

Inda aka fi zamewa shi ne gidan gado. Babban wa ya ce shi ke magana da yawun kowa, ya sa hannu shi kaɗai. Wannan hannu kasonsa kawai ya ɗaure. Kowane magaji baligi, mace da namiji, ya sa nasa hannun, ko ya ba da takardar wakilci. In akwai marayu ƙanana, sai da waliyyinsu, kuma ya fi aminci a bi ta kotun da ta yi rabon. In kamfani ne mai kadarar, a nemi takardar amincewar daraktoci.

Mataki na 2: Ka duba ko akwai mai shuf'a a gabanka

Mutane da yawa a cikin gari suna ɗauka maƙwabci yana da haƙƙin a fara sayar masa da gidan da ya haɗa katanga da shi. A mazhabar Malikiyya ba haka ba ne. Shuf'a haƙƙin abokin tarayya ne a kadarar da ba a raba ba, kamar yadda hadisin Jabir ya nuna cewa in an kafa iyakoki an fitar da hanyoyi to babu shuf'a. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa ƙarara cewa babu shuf'a ga maƙwabci. Kotun Ƙoli ta Najeriya ma ta tabbatar da haka a shari'ar Alkamawa da Bello a 1998, wadda ta taso daga Sakkwato. Saboda haka maƙwabci, da ɗan haya, da 'yan'uwan da aka riga aka raba wa gado kowa ya ja katangarsa, duk ba su da fifiko sai wanda suka rubuta.

Amfanin sanin wannan biyu ne. Na farko, in wanda ya yi maka alkawari yana da kaso ne a gidan da ba a raba ba, sauran magada suna da shuf'a, kuma za su iya karɓe kason daga hannunka bayan ka saya, su mayar maka da kuɗinka. Wanda yake gari ya sani yana da kimanin shekara guda kafin haƙƙinsa ya faɗi, wanda ba ya nan kuwa yana kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. Kada ka dogara da cewa sun ce sun yafe tun kafin ciniki, domin yafewar da ake lissafawa ita ce ta bayan an sayar. In da hali, a raba gidan tukuna.

Na biyu ya shafi mai sayar da gida da yake son in za a sake sayarwa a fara da shi. Malaman Malikiyya suna da tsanani a kan sharaɗin da ke ƙuntata wa mai saye a cikin abin da ya saya, har sukan ɗauke shi a matsayin mai ɓata cinikin, ko da yake wasu malaman wasu mazhabobi sun halatta. Hanyar da ta fi kuɓuta ita ce a gama cinikin tsaf ba tare da sharaɗin ba, sannan mai saye ya yi alkawarin da yardar ransa a takarda daban. Ka kai wa malamin da ya san babin ciniki rubutun kafin a sa hannu, ka kuma gaya wa lauya dalilin raba takardun. Alkawarin da ba a biya komai a kansa ba yana da rauni a babbar kotu, sai an yi shi a takarda mai hatimi wadda lauyoyi ke kira did, don haka a yi ta biyun a wannan siga. Wanda ya sayi rabin fuloti yana neman fifiko a kan ragowar rabin, shi sharaɗinsa bai taɓa abin da ya saya ba, mai sayarwa ne ya ɗaure abin da ya rage a hannunsa.

Mataki na 3: A bayyana kadarar yadda baƙo zai gane ta

"Gidana na Ɗorayi" ba bayani ba ne, musamman ga mai gida uku a Ɗorayi. A rubuta lambar fuloti, lambar satifiket, unguwa, ƙaramar hukuma, girma, da abin da ke gabas, yamma, kudu da arewa. A liƙa taswira kowa ya sa hannu a kanta. A ƙara da cewa sharaɗin ya shafi kadarar "gaba ɗaya ko wani yanki nata", in ba haka ba za a yanka fuloti mai ƙafa 100 da 50 gida biyu a sayar ɗai-ɗai a ce ai ba a sayar da shi duka ba.

Mataki na 4: A lissafa abin da ke tayar da sharaɗin

Nan ne ƙarfin takardar yake, kuma nan ya kamata ku daɗe. In aka rubuta "idan zai sayar" kawai, an bar ƙofofi da yawa a buɗe, domin kadara tana barin hannun mutum ta hanyoyin da ba a kiransu sayarwa. A ambaci waɗannan da sunansu:

Musaya. Mai gida ya ba da gidan ya karɓi fili biyu a Rijiyar Zaki da mota. Kai ba ka da wannan fili da wannan mota, to da me za ka yi daidai da tayin? A rubuta cewa in tayin ya ƙunshi abin da ba kuɗi ba, za a ƙiyasta shi da naira, kai ka biya kuɗin.

Haɗa kaya. A sayar da shagonka tare da shaguna biyar na jere a farashi ɗaya, a ce ko ka sayi duka ko ka haƙura. A rubuta cewa dole a ware farashin wanda kake da fifiko a kansa.

Takardar wakilci wadda ba a janyewa. Ana yawan amfani da ita a ɓoye ciniki: an karɓi kuɗi, an miƙa gida, amma a takarda wakili aka naɗa. A rubuta cewa duk wakilcin da aka karɓi kuɗi a kansa sayarwa ce.

Doguwar haya. Hayar shekara 30 da aka biya gaba ɗaya ba ta da maraba da sayarwa a wurinka. Ku yanke iyaka, misali duk hayar da ta wuce shekara 5.

Mayar da gida sunan kamfani, sannan a sayar da kamfanin.

Jingina. In an jinginar wa banki aka kasa biya, banki zai sayar ba tare da ya tambaye ka ba. Aƙalla a rubuta cewa sai an sanar da kai kafin jingina, kuma a sanar da bankin sharaɗinka. In jinginar ta riga sharaɗinka, bankin yana gabanka, babu rubutun da zai canza wannan.

Sai kuma abubuwan da adalci ya ce a cire. Gado ba ya tayar da sharaɗin. Kyauta ta gaskiya ga mata, 'ya'ya ko iyaye ma a bar ta, amma a rubuta cewa wanda aka ba zai sa hannu ya karɓi sharaɗin, don kada a ba ɗa yau ya sayar gobe. In gwamnati ta karɓe filin don amfanin jama'a, kamar yadda sashe na 28 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya ba gwamna dama, sharaɗin ya faɗi, diyya kuma ta mai kadara ce.

Mataki na 5: A yanke yadda za a san farashi

Hanya mafi tsabta ita ce daidai da tayin mai saye na gaskiya. Kada a rubuta adadi tun yau. Gidan da aka ce naira miliyan 30 yau, bayan shekara 6 mai shi zai ga an cuce shi, ya shiga neman hanyar zillewa, kuma yawancin rigingimu daga nan suke farawa.

Haɗarin wannan hanya shi ne tayin bogi. Mai gida ya samo abokinsa ya rubuta miliyan 45 a kan gidan miliyan 35, ko dai ka biya fiye da ƙima ko ka janye. Maganinsa uku ne: tayin ya zo a rubuce da cikakken suna da adireshin mai tayi da sa hannunsa, mai gida ya haɗa da takardar rantsuwa cewa tayin gaskiya ne kuma babu ragi a ɓoye, bayan an sayar a nuna maka shaidar biya ta banki.

In babu mai tayi, mai gida ne kawai ya gaji yana son kuɗi, a tanadi hanya ta biyu: kowane ɓangare ya kawo masanin ƙimar kadara mai rajista. In ƙiyasinsu bai yi nisa da juna ba, misali bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, a ɗauki tsakiya. In ya wuce, su biyun su zaɓi na uku, maganarsa ce ƙarshe. A faɗi wanda zai biya su.

Kada a manta da la'ada. Dillalin da ya kawo mai tayi ya yi wahala, kuma in ya ga fifikonka zai hana shi cin guminsa, shi ne zai fara ba da shawarar a ɓoye maka. A rubuta ko za a biya shi in kai ka saya, nawa, kuma daga aljihun wa.

Mataki na 6: A tsara sanarwa

Sanarwa ta zama rubutacciya, ɗauke da farashi, yadda za a biya, ranar miƙa gida, da kwafin tayin. A faɗi inda za a kai ta: adireshinka, da ofishin lauyanka, da lambar wayarka. A miƙa hannu da hannu ka sa hannu a kwafi da kwanan wata, ko ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit. Saƙon WhatsApp ya zama ƙari, kada ya zama shi kaɗai. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da shaidar na'ura a sashe na 84, amma da sharuɗɗanta, kuma waya tana ɓata.

Ɗan kasuwa mai tafiya Dubai ko Sin, da mai zuwa Umara, ya naɗa mutum na biyu da za a iya miƙa wa sanarwa. Wanda ya canza gida ko lamba ya sanar a rubuce, in bai yi ba, abin da aka kai tsohon adireshi ya isa.

Mataki na 7: A sa wa'adi, kowanne da adadinsa

"Cikin lokaci mai dacewa" ba wa'adi ba ne. Ana buƙatar huɗu, kuma ga adadin da ke aiki a gidan zama ko shago:

Kwana 14 daga ranar karɓar sanarwa don ka amsa a rubuce. Shiru ƙi ne.

Kwana 7 bayan amsa don ka ajiye kafin alƙalami, misali kashi 10 cikin 100. A faɗi makomar kuɗin in ka kasa cikawa, da kuma in mai gida ne ya janye.

Kwana 30 zuwa 60 don cika sauran. In mai tayi biya ɗaya zai yi, kai ma biya ɗaya za ka yi, sai dai in tun farko an rubuta maka sassauci.

Kwana 90 ga mai gida ya kammala da mai tayi in ka ƙi. Wannan na huɗun shi aka fi mantawa. In babu shi, za a kawo maka tayin miliyan 45 ka ce albarka, bayan wata takwas a sayar miliyan 36 a ce ai ka riga ka ƙi. A rubuta cewa in kwanakin sun wuce, ko an rage farashi, ko an sassauta biya, ko mai saye ya canza, sai an dawo maka da sabuwar sanarwa.

A faɗi ko kwanakin sun haɗa da Asabar, Lahadi da hutun salla. Kai mai neman fifiko, kada ka matsa sai an ba ka wata uku na tunani. Babu mai tayin da zai jira haka, kuma mai gidan da ya rasa masu saye biyu saboda kai, na uku ba zai gaya maka ba.

Mataki na 8: Tsawon ran sharaɗin da wanda zai gaje shi

A sa ranar ƙarewa: shekara 5, ko 10, ko muddin kana haya a shagon, ko muddin kana riƙe da rabin da ka saya. Dokokin ƙasa ba sa son a ɗaure kadara har abada, kuma sharaɗi marar iyaka ya fi sauƙin rushewa a kotu. A rubuta cewa ya ɗaure magadan mai gida. A yanke ko magadanka za su gaje shi, da ko kana iya miƙa shi ga wani. Shawarata a hana miƙawa, domin mai gida da kai ya yarda, ba da wanda bai sani ba. In masu fifikon sun fi ɗaya, kamar 'yan'uwa uku, a jera su: wa za a fara tuntuɓa, ko kuwa za su raba gwargwadon kasonsu.

Mataki na 9: Rubutu da sa hannu

Ga gwajin yadda zuciyar sharaɗin take, lauya zai faɗaɗa ta da abubuwan da aka lissafa a sama:

"Mai kadara ya yi alkawari, shi da magadansa, cewa daga yau har tsawon shekara 10 ba zai sayar, ko musanya, ko fitar da kadarar da aka bayyana daga hannunsa ta kowace hanya da aka karɓi wani abu a kanta ba, gaba ɗayanta ko wani yanki, sai ya fara miƙa wa mai fifiko sanarwa a rubuce tare da kwafin tayin da ya samu. Mai fifiko yana da kwana 14 ya karɓa a rubuce a kan farashi da sharuɗɗan tayin. In bai karɓa ba, mai kadara yana iya sayar wa mai tayin nan cikin kwana 90, a kan farashin da bai gaza wanda aka sanar ba."

Harshen babbar kotu Turanci ne, don haka yawancin lauyoyi da shi za su rubuta. A yi kwafin Hausa a haɗa, a faɗi wanda za a bi in sun saɓa. In ɗaya daga cikinku ba ya karanta harshen takardar, dole a karanta masa a fassara, a rubuta a ƙarshenta cewa an yi haka ya kuma fahimta kafin ya dangwala yatsa, mai fassara ya sa suna da hannu. Rashin wannan ɗan sakin layi ya isa mutum ya ce bai san abin da ya sa wa hannu ba. A sa hannu a kowane shafi, a yi asali aƙalla uku: naka, nasa, da na lauya.

Mataki na 10: A sa sharaɗin inda mai saye zai gan shi

Takardar da ke kwance a akwatinka ta ɗaure mai gida, amma ba ta ɗaure baƙon da ya saya da zuciya ɗaya bai san da ita ba. In haka ta faru, da wuya ka samu gidan, sai dai diyya. Aikinka shi ne kada kowa ya iya cewa bai sani ba.

A biya kuɗin sitam, a hukumar tara haraji ta jiha in tsakanin mutane ne, ta tarayya in da kamfani a ciki. Takardar da ba a buga wa sitam ba tana jawo tara da jinkiri ranar da ake buƙatarta a kotu. In sharaɗin yana cikin did ɗin da za a kai neman amincewar gwamna da rajista, ya shiga fayil ke nan. In takarda daban ce, lauya ya nemi yi mata rajista, ya kuma rubuta wasiƙar gargaɗi a saka a fayil ɗin filin.

In awon igiya ne babu fayil, a rubuta taƙaitaccen bayani a bayan asalin takardar cinikin da ke hannun mai gida, kowa ya sa hannu, domin ita ce mai saye zai fara nema. A kai wa mai unguwa kwafi ya sa hannu ya karɓa. Hatiminsa ba ya ba da mallaka, amma kusan duk mai sayen gida a irin waɗannan unguwanni sai ya bi ta wurinsa. Dillalan unguwar ma su ji.

Mataki na 11: Ranar da sanarwa ta zo

Ka rubuta ranar karɓa, ka lissafa ranar ƙarshe. Ka sake binciken fayil, domin abubuwa sun iya canzawa. In ka yarda, ka amsa da jimla ɗaya: na karɓa a kan farashi da sharuɗɗan da aka sanar. Kada ka ce "na karɓa amma a rage miliyan 2". Wannan sabon tayi ne, kuma za a iya ɗaukarsa a matsayin ƙi. In kana son neman ragi, ka nema da baki da wuri, kana sane da cewa kwanaki suna tafiya.

Ka biya ta banki. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Bayan biya, a rubuta did, a nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na dokar 1978 ya tanada ga filin da ke da satifiket. Fifikonka bai ɗauke maka wannan ba.

In ba za ka saya ba, ka rubuta takardar janyewa da wuri, ka ambaci wannan tayin kaɗai da sunan mai tayi da farashi, don kada a karanta ta a matsayin yafe sharaɗin baki ɗaya. Mai gida ya ajiye ta, domin lauyan mai saye zai nema.

Mataki na 12: In an sayar a bayan idonka

Da ka ji ƙishin-ƙishin, lauya ya rubuta wa mai gida, da mai saye, da dillali, da ofishin filaye a rana ɗaya, da kwafin sharaɗin. Daga wannan rana mai sayen da bai gama biya ba ba zai ce bai sani ba. In ba su tsaya ba, a nemi umarnin dakatarwa daga kotu kafin a canza suna ko a fara gini. Rikicin fili mai satifiket na gwamna babbar kotun jiha ke saurarensa a ƙarƙashin sashe na 39 na dokar 1978, don haka a tantance kotun da ta dace tun farko, kada a ɓata shekara a inda ba hurumi.

Kada ka kai 'yan unguwa su rufe ƙofa ko su rushe katanga. Ba ka mallaki gidan ba tukuna, kuma za ka mayar da ƙararka ta zama tuhuma a kanka. A fara da zaman sulhu a gaban dattawan da suka shaida, sau da yawa mai sayen da ya ga takarda mai rajista yakan karɓi kuɗinsa ya janye.

Kotu za ta tambaye ka abu guda wanda mutane ba sa shirya masa: da an kawo maka tayin, kana da kuɗin? Ka tanadi bayanin asusunka na wannan lokaci, ko wasiƙar wanda zai ba ka rance. In gidan ya riga ya tafi ga wanda bai sani ba, abin da ya rage diyya ce, kuma tabbatar da yawan asara yana da wuya. Shi ya sa tun a Mataki na 9 ake rubuta adadin da mai gida zai biya in ya karya sharaɗin, misali kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ya sayar. Adadin ya zama ƙiyasin asara na gaskiya, kamar kuɗin tashi da neman wani shago da gyaran da ka yi, domin in ya yi kama da horo kotu tana iya ƙin aiki da shi. A kuma rubuta cewa wannan adadi bai hana ka neman kotu ta tilasta a sayar maka ba muddin gidan bai bar hannun mai shi ba.